Farantin Kifi da Ƙwaryar Kaka: Wa Ke da Ikon Cewa "Nawa Ne"?

Ranar kasuwar Gazawa na tsaya gaban wata rumfar kayan roba don in saya wa autata faranti. Yarinyar ta kafa doka a gida: ba ta cin tuwo sai a faranti mai siffar kifi, irin wanda ta gani a maƙwabta, wanda cikin kifin ne wurin tuwo, wutsiyarsa kuma ɗan gurbin zuba miya. Mai rumfar ya ɗauko mini guda biyu, ɗaya dala ɗari, ɗaya dala sittin. Na jujjuya su, na duba ciki na duba baya, ban ga abin da ya raba su ba sai launi da ɗan kaurin roba. Ya ce: "Malam, wannan shi ne na asali, wancan satar fasaha suka yi." Na ce to su na asalin, a wajen wa suka samo kifin? Ya yi dariya, ya ce wannan kuma sai in tambayi masunta.

Na sayi na dala sittin ɗin na taho, amma amsar tasa ta biyo ni har gida. Da wasa ya faɗe ta, alhali kuwa a kanta ne alƙalai a ƙasashe masu masana'antu suka shafe fiye da shekara 150 suna kai-kawo, ana zuba wa lauyoyi dukiya. In mutum ya ɗauki abin da kowa ya sani, wato faranti, ya haɗa shi da wani abin da kowa ya sani, wato kifi, shi ke nan ya ƙirƙiro abin da zai hana kowa yin irinsa? Ko kuwa ya dai riga sauran mutane isa ofis ne? Maganar ta shafe mu, mu malamai da iyaye na Agye da Gazawa da Gidan Rumji, fiye da yadda muke zato. Mu ne masu sayen kayan, kuma a ɗakunan iyayenmu mata ne zane-zanen da ba su da takarda suke.

Bari in fara da doka, a taƙaice. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI, mai ƙasashe 17, wadda hedikwatarta ke Yawunde ta Kamaru, kuma yarjejeniyar Bangi ta 1977 ce dokarta. Takarda ɗaya da aka samu can tana aiki a dukan ƙasashen. Takardun da suka shafi zancenmu iri biyu ne. Akwai ta ƙirƙira, wadda ake ba wanda ya fito da sabuwar dabarar aiki, misali murfin kwano da ke riƙe zafi ta hanyar da ba a taɓa sani ba. Wannan shekara 20 take yi. Akwai kuma ta siffa, wadda ta tsaya ga yadda abu yake a ido: fasalinsa, zanensa, launukansa. Ita shekara 5 take yi, ana sabunta ta sau biyu, ta kai 15. Duk wanda ke riƙe da ɗaya daga cikinsu yana iya hana wasu ƙera abin ko shigo da shi su sayar har wa'adin ya cika.

Wanda ya nemi takardar ƙirƙira bai isa ya ce abin nasa sabo ne kawai ba. Sai ya kasance mai sana'ar da ya san aikinsa daidai gwargwado, ba gwanin gwanaye ba, ba kuma ɗan koyo ba, ba zai hango abin da kansa ba daga abin da aka riga aka sani. Da Hausar kasuwa, in maƙerin unguwa zai dubi abin ya ce "ai wannan a fili yake", to babu takarda. A dokar Bangi, takardar ƙirƙira ce aka ɗora wa wannan sharaɗi, ta siffa kuwa ana neman ta zama sabuwa ne. A Amurka duka biyun sai sun tsallake shi, shi ya sa mafi yawan rigingimun da suka yi suna can suka faru.

Tushen sharaɗin ma daga kayan yumɓu ya fito. A 1851 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke shari'ar Hotchkiss da Greenwood a kan mariƙin ƙofa. An saba yin sa da ƙarfe ko katako, sai wasu suka yi shi da yumɓu da tangaran, suka karɓi takarda. Siffar mariƙin tsohuwa ce, yadda ake ɗaura shi jikin ƙofa ma tsohuwar dabara ce, abin da aka yi shi da shi kaɗai aka sauya. Kotu ta ce wannan aikin ƙwararren ma'aikaci ne, bai kai ƙirƙira ba, takardar ta faɗi. Duk lokacin da na ga ludayin roba a kasuwar Gidan Rumji, da wuyansa da cikinsa sak irin na duma da ake fafewa a bayan gida, wannan shari'a nake tunawa. Wanda ya zuba roba a ma'auni ya fitar da siffar ludayi ya yi dabarar kasuwa, Allah ya ba shi riba, amma duma ne ya zana ludayin, kakanninmu suka fafe.

Shekara ashirin bayan haka aka yi wata shari'ar a kan cokula. Kamfanin Gorham, maƙeran azurfa, yana da takardar siffa a kan adon da ke jikin mariƙin cokalinsa, sai wani mai suna White ya fito da nasa mai kama da shi. Ƙaramar kotu ta saurari ƙwararru, suka ce su kam in sun ajiye cokulan biyu gefe da gefe suna ganin bambanci, sai ta sallami White. Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin. Ta ce ba idon ƙwararre ne ma'auni ba, idon mai saye ne, wanda ke duba kaya gwargwadon yadda mai saye ke dubawa. In zai ɗauki wannan yana zaton wancan ne, to an kwaikwaya. Har yau da wannan ma'auni ake aiki a can. Wato da farantaina biyu na Gazawa sun je gaban wannan kotu, ni ne shaida, kuma da na ce ban ga bambanci ba. Mu muna cewa kama da wane ba wane ba ne. A dokar siffa kama da wane ta isa a ci mutum tara.

To ku dubi yadda ƙa'idojin biyu ke riƙe juna. Ta Gorham tana ba mai takarda sanda doguwa: ba sai an yi irin nasa sak ba, kama ma ta isa. In da ita kaɗai ce, da wanda ya riga kowa yin rajistar faranti mai siffar kifi ya mallaki duk kifayen duniya na shekara goma sha biyar, da tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa. Ta Hotchkiss ce ke rage tsawon sandar, tana tambaya tun farko ko abin ya cancanci takardar. Ra'ayina shi ne wannan tambaya ta "ai a fili yake" ita ce garkuwar talaka a cikin dokar gaba ɗaya. Ita ke hana mai kuɗin lauya ya kewaye abin jama'a da shinge. Matar da ke dafa tuwon sayarwa, da maƙerin da ke narka tsohon alminiyam yana zuba tukunya a cikin rairayi, da mu masu sayen na dala sittin, ba mu taɓa jin sunanta ba, amma a inuwarta muke zaune.

Sai dai garkuwar tana da wani gefe mai kaifi, kuma shari'ar da ta nuna shi ta fi kowace ba ni sha'awa, domin littattafan malaman firamare ne suka zama hujja a cikinta. A Amurka akwai bikin Halowin na ƙarshen Oktoba, inda ake ƙwaƙule kabewa a yanka mata ido da baki. Lokacin kuma ganyen itatuwa ke zuba, mutane na sharewa suna cika manyan ledojin shara. Wasu mutane suka yi tunanin yin ledar sharar da ruwan lemo, a buga mata ido da baki, ta yadda in an cika ta da ganye sai ta zama ƙatuwar kabewa a ƙofar gida. Abin ya karɓu, an sayar da miliyoyi. Da suka nemi takarda, ofishin rajista ya hana. Ya ɗauko littattafan koyar da yara aikin hannu, inda aka nuna yadda ake yin kabewar wasa da takarda a cusa mata tsofaffin jaridu, ya ajiye kusa da ledar shara ta yau da kullum, ya ce haɗa wannan da wancan a fili yake.

A 1999 kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar da ake kira Dembiczak, ta ce ofishin bai kawo hujja ba. Gaskiya ne guntayen duk suna nan tun da, amma ina abin da ya nuna cewa wani zai yi tunanin haɗa su kafin ya ga an haɗa? Kotun ta ja kunne a kan cutar da ke kama duk mai hukunci: da zarar ka ga amsa, sai ka manta cewa jiya ba ka san ta ba. Mu malamai mun san wannan ciwo a kacici-kacici. Aji ya yi tsit, yara na ta sosa kai, ba wanda ya gano. Ana faɗin amsa sai ka ji rabin ajin na cewa "ai da ma na sani". Ba ƙarya suke yi da gangan ba, haka ƙwaƙwalwa take, tana share sawunta.

Daga nan ma'aunin ya ci gaba da lilo. A 2007, a shari'ar KSR da Teleflex, Kotun Ƙoli ta ce an tsananta neman rubutacciyar hujja, alƙali na iya aiki da hankali na yau da kullum: haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya, su ba da sakamakon da kowa ke tsammani, yawanci ba ƙirƙira ba ce. A ɓangaren siffa kuwa tsohuwar ƙa'ida ta zauna daram har Mayun 2024. Kafin nan, wanda ke son rushe takardar siffa sai ya kawo tsohon abu guda wanda kusan shi ne sak, abin da ke da wuyar samu. A shari'ar LKQ da kamfanin motoci na GM, a kan ƙarfen da ke saman tayar gaba ta mota, kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da wannan ƙa'ida, ta ce a auna siffa da sassauci kamar yadda ake auna ƙirƙira. Ƙarfen mota ne aka yi shari'a a kansa, amma hukuncin ya hau kan kowace siffa, har faranti mai kunnen zomo da kofi mai hancin giwa.

Abin da na tsinta a cikin waɗannan shari'o'i duka ɗaya ne: ba a cin su da rantsuwa. Wanda ya ce "ai an daɗe ana yin wannan" sai ya ajiye abu a kan tebur, mai kwanan wata. Tsohon kundin kaya na wani kanti, hoto a jarida, shafi a littafin malamin aji ɗaya. A nan ne zancen ya dawo gida.

Ku shiga ɗakin kowace tsohuwa a Tsibiri ko Gangara ku ce ta nuna muku abin da ya rage na kayan aurenta. Za ku ga ƙwarya mai zanen wuƙa da mai zanen wuta, wadda aka ƙona da jan ƙarfe aka fitar da layuka da kusurwoyi. Za ku ga akushi baƙi wuluk da masassaƙi ya fafe daga itacen ɗanya, da faifan rufi mai launuka, kowace unguwa da irin saƙarta. Wata ƙwaryar gyartai ya ɗinke ta sau biyu, ɗinkin ma ya zama ado. Bayan su kwanoni masu fenti da furanni suka shigo, da farko daga Turai da Honkon, daga baya, wajen lokacin samun ƴancin kai, ƴan kasuwar Honkon suka kafa masana'antunsu a Najeriya. Jere ya koma na kwano da samira da langa, kowace shekara da yayinta. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta kan aure a Maraɗi da ya fito a 1997, ta ba kayan ɗaki da kyaututtukan biki wuri babba, domin ta gane cewa nan ne mace ke ajiye dukiyarta da darajarta. Sannan tangaran ya zo, kula ta zo, roba ta rufe kowa.

Ba kukan tsohon zamani nake yi ba. Roba ba ta fashewa in yaro ya yar, kuma uwar da ke da ƴaƴa shida ta fi ni sanin amfaninta. Abin da ke damuna shi ne kowane sauyi yana tafiya da shaidarsa. Ƙwarya in ta fashe, sakaina take zama, a kwashe shara da ita, a ƙarshe ta shiga murhu. Akushi in ya tsage, kaji ke shan ruwa a ciki. Matar da ta san sunan kowane zane da inda ta koyo shi, in ta rasu an rufe littafin. Doka ta ce abin da aka riga aka bayyana wa jama'a, ko ta rubutu ko ta amfani, a ko'ina a duniya, ba sabo ba ne, saboda haka zanen ƙwaryar kaka, a ƙa'ida, ba wanda zai mallake shi. Amma ma'aikacin da ke zaune a ofis a Yawunde ko Beijin ko Washinton ba ya cin kasuwar Agye. Abin da ke cikin kundinsa da kwamfutarsa yake gani. Abin da bai gani ba, a wajensa sabo ne, har sai wani ya zo ya ƙaryata, da hujja, da kuɗinsa.

Indiya ta sha wannan. A 1995 ofishin Amurka ya ba wasu masu bincike takarda a kan warkar da rauni da gangamau, wato kurkum, abin da kowace uwa a Indiya ke yi tun kaka da kakanni. Hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta ƙalubalanci takardar, aka soke ta a 1997. Ba don uwaye sun yi rantsuwa aka soke ba, sai don an kawo tsofaffin rubuce-rubuce, har da wata maƙala ta mujallar likitoci ta 1953. Daga nan Indiya ta ɗauki darasi, a 2001 ta fara tattara ilimin gargajiyarta a rumbun kwamfuta da ma'aikatan ofisoshin rajista ke dubawa kafin su ba da takarda.

Ba ma sai mun je Indiya ba. Wajen 2009 manoman albasa na Nijar suka tashi tsaye da suka ji wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi OAPI ta ba shi mallakar irin albasa da sunan Galmi, albasar da mutanen jihar Tawa suka gada. An yi ta ƙorafi har sunan ya kuɓuta, kuma daga baya aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajistar da ke danganta kaya da ƙasar da ya fito. Albasa tana da ƙungiyoyin manoma da ƴan kasuwa masu murya. Mai zanen ƙwarya ba ta da kowa. A Nuwamban 2024 ƙasashen duniya sun amince da wata yarjejeniya kan rajistar siffa a Riyad, kuma bayan shekaru ana ja-in-ja, ƙasashen Afirka na kan gaba, an yarda ƙasa na iya tambayar mai neman takarda ya faɗi in zanensa daga al'adar wasu mutane ya samo shi. Madalla. Amma in ya yi shiru, wa zai tona?

Na ji wasu ƴan boko na cewa mafita ita ce mu ma mu ruga mu yi wa zane-zanenmu rajista kafin a riga mu. Ban yarda ba. Na farko, dokar ba za ta karɓa ba, tunda ba sababbi ba ne, kuma wannan shi ne ainihin abin da muke so ta riƙe. Na biyu, da sunan wa? In masassaƙin Gidan Rumji ya karɓi takarda a kan siffar akushi, wanda zai fara hanawa ɗan uwansa ne na Cadakori, ba masana'antar Sin ba, wadda ba ya da kuɗin motar zuwa ƙofarta. Sana'o'inmu da kwaikwayo suka rayu. Yarinya ta ga zanen innarta ta ƙara layi ɗaya, ta yi aure wani gari ta tafi da shi. Maƙerin tukwane yana danna tsohuwar tukunya a rairayi ya fitar da sabuwa, ba wanda ya kira shi ɓarawo. Ga kuma iyaka: Najeriya ba ta cikin OAPI, dokarta daban ce tun 1970, saboda haka takardar Yawunde ba ta da ƙarfi a Katsina ko Kano, inda robobi da yawa na kasuwanninmu ke fitowa.

Mu a nan mun ga abin da ke faruwa in an bar dabara a buɗe. Sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona a rage shi a rene shi har ya zama itace, ya fara yaɗuwa a jihar Maraɗi a shekarun 1980, ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna a kansa, kuma an ƙiyasta ya farfaɗo da hekta wajen miliyan 5 a Nijar. Da wani ya riƙe takarda yana karɓar dala biyar a kan kowane kututture, da har yau iska na kwashe mana gonaki.

Abin da nake kira gare shi ya fi rajista araha, kuma yana hannun malamai. A jadawalin firamare muna da sa'o'in ayyukan hannu da sana'a, waɗanda, mu faɗi gaskiya, sau da yawa shara da ɗebo ruwa suke komawa. A ba kowane ɗan aji biyar da aji shida aiki: ya je wajen kakarsa ko wata tsohuwa a unguwa, ya nemi izini, ya zana ƙwarya ɗaya ko akushi ko faifai kamar yadda yake. Ya rubuta sunan zanen in yana da suna, da garin da aka yi shi, da shekarar da mai shi ta same shi, ko da da lissafin "shekarar da aka yi yunwa kaza" ne, malam ya taimaka a mayar da shi lamba. Darakta ya sa hannu da hatimi da kwanan wata. In akwai waya mai hoto, a ɗauka. Kwafi ɗaya ya zauna a makaranta, ɗaya a kai ofishin magajin gari, domin mun san abin da gara da ɗigon rufi ke yi wa kabad ɗin makaranta. A cikin wannan aiki guda yaro ya yi zane, ya yi awo da kusurwa, ya yi tarihi, ya yi rubutun Hausa, ya kuma zauna da kakarsa rabin yini, abin da shi kaɗai ma ya isa lada.

Akwai mai cewa in mun tattara mun baje, ai mun sauƙaƙa wa masana'antu kwaikwayo ke nan. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa Indiya ba ta buɗe rumbunta ga kowa ba tun farko, sai ga ofisoshin rajista. Amma zanen da ke kan ƙwaryar fura a tasha ba asiri ba ne, duk mai waya ya riga ya iya ɗauka. Kundin ba zai hana a kwaikwaye mu ba, kuma kada wani malami ya yi wa iyaye alkawarin kuɗi zai fito daga ciki. Abin da zai yi shi ne ya hana wanda ya kwaikwaya ya juyo ya ce nasa ne, ya tsare kayan ɗan kasuwarmu a kwastan, ko ya hana ƙungiyar matanmu sayar da faifai a wani baje koli a waje. Kuma in wata rana jikar mai zanen ta fito da nata sabon fasali na gaske, kundin ne zai nuna inda na gado ya tsaya da inda nata ya fara, ta je ta nemi takardarta da hujja.

Saura gefen nan mai kaifi, wanda ya fi kusa da mu fiye da kowace kotu. Kalmar "ai a fili yake" a bakin alƙali tana da ƙa'ida: sai ya koma ranar da ba a ga abin ba tukuna, ya nemi hujja, ya rubuta dalili. A bakinmu iyaye da malamai ba ta da ko ɗaya. Bara wani yaro ɗan aji biyar ya kawo mini ƙoƙon ƙaninsa. Ƙanin yana yawan kifar da kunu, sai yaron ya yanko tsohuwar robar cikin taya, ya naɗe ta kamar gammo, ya huda gindin ƙoƙon daga gefe ya ɗinke ta da zare irin ɗinkin gyartai, ya toshe hujin da ƙaro. Ƙoƙon ya zauna daram, ko an ture shi sai ya yi lilo ya dawo. Ina cikin gyaran takardun jarrabawa, na ɗaga kai na ce: "Ai gammo ne kawai." Ya ɗauki abinsa ya koma wurin zamansa.

Gammo ne, gaskiya. Ƙoƙo tsoho ne, gammo tsoho ne, ɗinkin gyartai ya girme ni. Mai yiwuwa alƙalin da ke bin hukuncin KSR ya goyi bayana, mai bin na Dembiczak kuwa ya tambaye ni ina hujjata. Ni dai na san shekara ashirin ina ganin yara na kifar da kunu, a gidana da gidajen mutane, ban taɓa ɗinka wa ƙoƙo gammo ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya ɗinka ba. Sai bayan kwana biyu na aika a kira shi ya dawo da ƙoƙon. Ya ce ƙanin ya saba da shi, ba ya yarda a fita da shi daga gida, sai dai ya zana mini. Zanen nasa ne shafin farko na kundin ajinmu, da sunan garinsu da kwanan wata da hatimin darakta a ƙasa. Shafi na biyu ƙwaryar kakarsa ce, wadda ta ce an kawo mata ita daga Tsibiri shekarar da aka yi mata aure.